Ranar da Bunu Ya Ƙara wa Babur Tsawon Madubi

A zamanin Turawa, shekarun da gyada ke tashe, in aka ji ƙarar babur a hanyar Gaya zuwa Ajingi ba a tambayar ko wane ne. In ƙarar ta wuce salin-alin, malamin allurar shanu ne. In kuwa ana jin muryar mutum ta danne ta injin, to Bunu ne, Babarbaren nan na garin Balan.

Babur ɗin ba na Bunu kaɗai ba ne. Gyadar gandu aka sayar aka saye shi, mai gandu kuwa yayansa ne, Kashim, mutum mai sanyin magana wanda bai iya hawa ba, bai kuma damu ya koya ba. Shi ke nan sai Bunu ya zama direba, ya zama makaniki, ya zama maroƙin kansa. Ya sha gaya wa mutanen dandali cewa ya taɓa tsere da jirgin ƙasa, ya riga shi isa tasha, har ya sha fura ya wanke ƙwarya kafin jirgin ya iso. Ya ce Baturen da ya sayar musu da babur ɗin sai da ya yi ƙwalla, ya ce yau ƙarfen nan ya samu ubangidansa.

Wata Talata ƙanwar mahaifinsu, Goggo Bintu, ta ce a kai ta Gaya gaisuwar rashin lafiya. Ta zauna a baya ta karkace, ta rungume ƙwaryar fura. Bunu ya buga babur, ya kama labarin jirgin ƙasa tun daga ƙofar gida. Bai rufe baki ba har cikin Gaya. Da ya tsaya ya ce, "To Goggo, a sauko a hankali, salansar babur da zafi."

Shiru.

Ya waiwaya, ba Goggo, ba ƙwarya. Mutanen da ke zaune a ƙofar gidan suka ce tun da ya shawo kwana suke mamakin wanda yake yi wa bayani.

Can wajen rabin hanya ya same ta, inda yashi ya yi zurfi. Tana zaune a gindin tsamiya, ƙwarya a kife, fura a ƙasa, ɗankwali a hannu.

"Goggo, ashe sauka kika yi?"

"Sauka na yi, ɗan nan. Na ga yashin ya yi kyau, na ce bari in ɗanɗana shi da haƙori."

"Ai da kin yi magana."

"Na yi! Na kira sunanka, na kira na ubanka, na kira na kakanka. Kai kana tasha kana shan fura."

Da ƙafa ta koma Balan, ta ce ko a makara ba za a sake ɗora ta a bayan Bunu ba. Kafin la'asar duk garin ya ji. Kashim ya kira ƙaninsa zaure, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bunu, wannan ta wuce. In aka sake kawo mini ƙara guda a kan babur ɗin nan, ya bar gidan nan."

Da wani ne, da ya kwana da kunya. Bunu da dabara ya kwana. Washegari da hantsi ya gangara da babur maƙerar Ɗantani, ya jingine shi, ya nuna ɗan madubin da ke kan hannunsa.

"Ɗantani, dubi nan. Ka ga mai laifin."

"Ni dai madubi nake gani."

"Madubi? Wannan abin kamar marfin kwalli? In na duba shi me nake gani? Hannun rigata. Tun daga Balan har Gaya hannun rigata nake kallo, ga shi nan kuwa bai faɗi ba. Turawa ba su da babbar riga, shi ya sa suka yi shi gajere. Ni zan gyara musu kuskurensu."

Ɗantani ya ajiye masaba. "Ya kake so a yi?"

"Ƙarfe biyu za ka miƙar, ɗaya dama, ɗaya hagu. Kowanne kamu uku."

"Kamu uku! Babur za ka hau ko shanya za ka yi?"

"Kai dai aikinka dukan ƙarfe. Tunani ka bar wa waɗanda suka ga Kano."

"To madubin fa? Wannan ɗan mitsitsin in ya yi nisan kamu uku, ko hancinka ba za ka gani ba."

Bunu ya riga ya shirya. A tarkacen maƙerar akwai wani tsohon madubin motar gyada, mai ƙullutu kamar bayan faranti. Wannan na hagu. Na dama kuwa, ya bari sai da matarsa Fanta ta shiga kewaye, ya zare babban madubinta na jere daga bango, mai katako da zanen furanni, ya cusa shi cikin riga ya fice yana tafiya kamar mai ciwon baya.

Kafin azahar an gama. Ƙarafan sun miƙe gefe da gefe, sun ɗan ɗaga sama kamar ƙahon bijimi. Bunu ya hau, ya duba dama, ya ga rumbu da kaji da rabin unguwa. Ya duba hagu, ya ga unguwar gaba ɗaya, sai dai kowa ya koma kamar ƙwaro.

"Allahu akbar! Ɗantani, ina ganin jiya ma!"

Ya buga babur ya nufi ƙofa. Ƙwal! Ƙarafan suka daki ginshiƙan ƙofar maƙera, babur ya tsaya, Bunu ya sumbaci tanki.

"Ƙofarka ta yi kaɗan," in ji shi yana shafa leɓe.

"Shekara ashirin raƙumi ma na leƙowa ta nan."

Suka gwada a karkace, suka gwada a kwance, suka gwada da baya. Ƙarshenta sai da aka kwance zana biyu na dangar Ɗantani, aka fitar da babur ta cikin garken awakinsa.

Lungun Balan ba a yi su don kamu shida ba. Ƙarfen hagu ya fara da kwashe igiyar kuɓewa da aka shanya a bakin wata danga. Na dama ya ɗauke malafar wani dattijo daga kansa, ya tafi da ita tana lilo. Bunu ya ce, "Baba, kada ka damu, ina ganinka sarai, ga ka can kana ɗaga sanda!" Rana ta daki madubin Fanta, hasken ya dalle wa wata mai tallar nono ido, ta yi salati ta zauna a ƙasa da ƙwaryarta, Allah ya sa ba ta zube ba.

Fanta na tsakar gida tana neman madubinta, sai ta ɗaga kai ta gan shi yana tafiya shi kaɗai a saman katanga. Har ta hango fuskarta a ciki, baki buɗe, ta wuce.

"Malam! Madubina ne wancan?"

"Aronsa na yi, Fanta! Aikin hukuma zai yi!"

"Wace hukumar? Uwata ce ta saya mini shi!"

"To ki gode, yau zai ga duniya!"

Ƙofar zaurensu ma ta ƙi shi. A waje babur ya wuni, mata suna wucewa suna tsayawa gyaran ɗaurin ɗankwali. Kashim ya fito ya dube shi tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya ce, "Ita kuɓewar da malafar a mayar wa masu su kafin su zama ƙara." Bunu ya mayar da gudu.

Ranar kasuwar Kademi ya sa za a yi gwaji a gaban jama'a. Ya sanar a dandali, ya sanar a bakin rijiya. Abin da ya rage fasinja. Ya je ya durƙusa gaban Goggo Bintu.

"Goggo, yanzu ko ƙwayar gero ta faɗo daga bayana sai na gani."

"To ɗauki gero."

Ya nemi Ɗantani, ya ce yana da iyali. Ya nemi Kashim, ya ce ƙafafunsa lafiya lau. Da ya rasa mai rai, sai ya ɗauko buhun dusa daga rumbu, ya zaunar da shi a baya a karkace, ya ɗaure da igiya, ya yafa masa tsohon zane, ya naɗa masa ɗankwali. Ya ce wannan shi ne Goggo ta gwaji.

Goggo ta gaske ta zo ta tsaya ta kama ƙugu. "Ni ce wannan?"

"Misali ne, Goggo."

"Misalin ya fi ni ƙiba. To wallahi sai na je Kademi na ga abin da za ka yi da ni."

Tun da safe rabin Balan suka kama hanya a ƙafa, Goggo a gaba, Kashim da Ɗantani a baya. Bunu ya ce su yi gaba, shi sai kasuwa ta cika zai shigo. Ya sa babbar rigarsa fara, wadda aka yi wa bugu, ya kafa hula, ya tashi da hantsi.

Tafiya ta fara daɗi. Yana duba dama ya gaida buhu, "Sannu Goggo, ina ganinki." Ya duba hagu, "Har yanzu kina nan." Da ya zo wata matsattsiyar hanya tsakanin gonaki, sai ya kauce wa itace don kada ƙarfen dama ya taɓa, bayan babur ya gogi ƙayar bagaruwa. Ƙaya ta tsaga gindin buhu. Dusa ta fara zuba siririya a kan hanya, ƙasa-ƙasa, daidai inda ba madubin da ke kaiwa.

Akuya ɗaya ce ta fara bi. Sai ta zama uku. Tumakin da ake korawa kasuwa suka bar masu su suka shiga layi. Babur ba ya gudu saboda yashi da nauyin ƙarafa, don haka ba wanda aka bari a baya. Bunu ya leƙa madubin hagu, ya ga ƙananan abubuwa farare da baƙaƙe cike da hanya, bayansu mutane na gudu suna ɗaga hannu.

Ƙirjinsa ya kumbura. "Ka ga jama'a! Rakiya suke yi mini. Goggo, ɗaga musu hannu mana."

Wani Bafulatani mai suna Bubayero yana janye da bijiminsa zai kai kasuwar shanu, fari tas, ƙaho kamar an buɗe hannu. Babur ya wuce su, bijimi ya shaƙi ƙamshin dusa, ya fizge igiya, Bubayero ya sha ƙasa. Ya tashi ya bi yana ihu, "Kai Babarbare! Tsaya! Ka sace mini sa!"

Bunu ya ji ihun, ya ce, "Har Fulani sun sallama."

Sai da ya hango rumfunan Kademi sannan ya waiga ga madubin Fanta. Babu komai a cikinsa sai hanci jiƙaƙƙe da ido biyu da ƙaho. Ya duba na hagu, ya ga wani ɗan maraƙi can nesa kamar ɓera. Ya sake duba dama, ƙaho. Hagu, ɓera.

"To wanne zan yarda da shi? Na mota dai na Turawa ne, ba ya ƙarya. Na Fanta kuwa na mata ne, komai sai ya ƙara masa gishiri."

Bai rufe baki ba ya ji huci mai ɗumi a ƙeyarsa. Ya murɗa totur har ƙarshe.

Haka ya shigo kasuwar Kademi: farar riga ta cika da iska, ƙarafa a baje, buhu mai ɗankwali yana rawa a baya, bijimi na bin buhu, tumaki da awaki na bin bijimi, Bubayero da masu tumaki na bin kowa. Mutanen Balan da suka jeru a bakin kasuwa don tarya suka watse kamar an jefa dutse cikin zabi.

Hanyar tsakiyar kasuwa kamu huɗu ce in an matsa. Ƙarfen hagu ya share turakun rumfar masu tabarma, rumfa ta zauna a kan mai ita. Na dama ya shiga layin 'yan koli ya fito da tsakiya da murjani da ƙaramar tukunyar shuni suna reto. Ya wuce ta gaban mahauta ya ɗauki ƙafar sa guda. Karnukan kasuwa suka ga nama na gudu, su ma suka shiga rakiya.

Duk wannan Bunu bai kalli gabansa ko sau ɗaya ba. Idonsa na kan madubi, bakinsa na ba da rahoto.

"Rumfa ta faɗi, na gani! Mai tabarma ya fito, lafiyarsa ƙalau! Kare huɗu, a'a, biyar!"

Bijimi ya kai wa buhu ƙaho, ya ɗaga shi sama, igiya ta tsinke. Goggo ta gwaji ta yi juyi biyu a iska ta faɗo tim, dusa ta tashi.

"Ta faɗi! Jama'a ku shaida, na ga faɗuwarta!"

Jama'a kuwa abu guda suke faɗa, da baki ɗaya: "Gabanka! Bunu, gabanka!"

"Gaba ba ta taɓa ba ni matsala ba!"

A ƙarshen kasuwa karofi yake, ramukan rini a jere, kowanne cike da ruwan baba har baki. Marina suka ga abin da ke tahowa suka zubar da muciya suka haye tudu. Ƙafar gaba ta babur ta zurma ramin farko. Ƙarafan nan biyu suka gicciye a bakin ramin suka riƙe shi cak. Babur ya tsaya. Bunu bai tsaya ba. Ya tashi ta saman madubai, riga a buɗe, ya tsallake rami na biyu, ya shige na uku da ka. Tsulum.

Ba a jin komai sai injin babur da ke tari yana mutuwa, da bijimi can baya yana cin dusa shi da tumaki.

Hula ce ta fara tasowa. Marina biyu suka zura muciya suka laluba, suka kamo shi ta wuyan riga suka jawo. Ya fito kore-kore, yana tsaye iska na bugunsa yana rikiɗewa, har ya koma shuɗi tun daga gira har tafin ƙafa. Babban marinin ya zagaya shi ya ce, "Kai, ramin nan ya nuna. Tsoma ɗaya ke nan fa."

Bunu ya tofar da ruwa, ya share ido, ya juya wajen babur. Madubin Fanta ya tsage gida uku amma yana nan a maƙale. Ya leƙa, ya ga wasu shuɗɗan halittu uku masu fararen idanu suna kallonsa. Ya kurma ihu ya ja da baya, saura ƙiris ya koma ramin, sai da Ɗantani ya cafke shi.

Nan kasuwa ta fashe da dariya. Mahaucin da aka ɗauke wa nama ya zo da faɗa, dariya ta kayar da shi. Bubayero ya iso yana haki, ya dubi Bunu sama da ƙasa ya ce, "Yau na ga Babarbare ya yi wanka."

Goggo Bintu ta ratso taro, riƙe da ɗankwalin buhun da ta tsinto, duk ƙaho ya yaga shi.

"Bunu."

"Na'am, Goggo."

"Ina nake?"

Ya nuna can inda tumaki suka yi da'ira. "Kina can. Amma Goggo, wannan karon na ga faɗuwarki da idona. Aiki ya yi kyau."

"Ka gani. Ka tsaya?"

"Ban tsaya ba, amma na gani."

"Wancan karon yashi na ci. Wannan karon ni aka ci. An samu ci gaba."

Bunu ya juya ga jama'a, ruwan baba na ɗiga daga haɓarsa. "Ku dai ku duba da kyau. Ba don ƙarafan nan ba, da babur yana ƙasan rami. Wa ya ce a yi su kamu uku? Ni. Ɗantani cewa ya yi sun yi tsawo."

"Har yanzu ina kan bakana," in ji Ɗantani.

Kashim bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tsaya masu ƙara suka yi layi a gabansa: mai tabarma, 'yan koli, mahauci, masu tumaki, marina da aka ɓata wa rami biyu. Ya saurari kowa, ya ba kowa haƙuri, ya ce gobe su same shi a Balan. Sannan ya dubi ƙaninsa.

"Ƙara guda na ce, Bunu. Kai ka kawo mini kasuwa."

Mutum shida suka ciro babur. Aka kwance ƙarafan, Ɗantani ya saɓa su a kafaɗa ya ce za su yi fartanya. Bunu ya koma Balan a ƙafa, a tsakiyar tawaga, duk ƙauyen da aka ratsa sai an fito kallo. Da Fanta ta ga abin da ya shigo mata gida sai ta saki tsintsiya ta shige ɗaki ta sa sakata. Sai da ya yi magana ta gane shi, da ta gane shi kuwa ta ƙara tura turmi a bayan ƙofar.

Kwana uku ana dirzarsa da soso da sabulun salo da toka. Shuɗin ya sauka daga na rawani ya koma na sararin sama, daga nan ya ƙi motsi. A rana ta huɗu wani ɗan kasuwa daga Toranke ya zo ya tura babur ya tafi da shi. Da la'asar Kashim ya shigo janye da jaki, ja, kakkaura, ya ɗaure shi a turke.

"Ga abin hawanka. Ba ya shan fetur, kuma in kaya ya faɗi tsayawa yake."

Bunu ya taso daga tabarma. Kowa ya zaci zai yi fushi. Sai ya zagaya jakin a hankali, hannu a baya, ya duba haƙora, ya ɗaga kunne ɗaya ya auna shi da tafin hannu, ya auna ɗayan.

"Yaya, jakin ba laifi. Amma akwai kuskure a ƙirarsa."

Goggo, da ta zo duba ko launin ya ragu, ta ajiye goron da za ta kai baki.

"Dubi inda idanunsa suke," in ji Bunu. "Dabbar nan ba ta ganin bayanta ko kaɗan. Ga kunnuwa kuwa dogaye a banza, an samu wurin ɗaurawa. Ku tsaya in nuna muku. Yanzu in na tsaya nan, bai san ma ina..."

Ya koma bayan jakin ya tsaya daidai wutsiya. Jakin bai ko juya kai ba. Ya kwantar da kunne ɗaya, ya ɗaga ƙafafun baya biyu, ya aika Bunu cikin kwandon ƙaiƙayi da ke jingine da rumbu.

Kashim ya leƙa kwandon, ya ga shuɗɗan ƙafafu biyu suna motsi.

Ya ce, "Yana gani."